Sa Hannun Mai Sikeli

Duk wanda ya taɓa sayen nama ko ƙusa ko ɗan kunnen gwal a unguwar nan ya ci albarkacin Mai Sikeli, ko ya sani ko bai sani ba. Shagonsa yana ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai yankan gilashi da mai sayar da fenti, ƙofa ɗaya taga ɗaya. In ka shiga, dogon teburi ne zai tare ka, sai akwatin katako mai gida-gida inda duwatsun awonsa na tagulla suke zaune, tun daga na kilo biyar har zuwa wanda sai da hantsaki ake ɗaukarsa. A lungun bayan ƙofa akwai wata 'yar kujerar yara mai ƙafa uku wadda ba a zama a kanta. Baƙo in ya jawo ta, sai tsohon ya turo masa benci. Shekara arba'in da bakwai ya yi yana gyaran sikeli a wannan ɗaki, sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane.

Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Idan ka kawo masa sikelinka, ka rage murya ka ce a ɗan taɓa shi yadda kilo zai riƙa cika da wuri, ba zai yi maka wa'azi ba. Ɗaukar sikelin zai yi ya ajiye maka a bakin titi, ya koma ya ci gaba da abin da yake yi. 'Yan kasuwa suna cewa gaskiyarsa ta yi yawa har ta hana shi arziki. Ba su san rabin labarin ba. Arzikin yana nan daidai gwargwado, kuma a ƙarƙashin duk wannan gaskiya akwai ƙarya guda ɗaya da ya goya shekara arba'in da ɗoriya.

Bai iya karatu ba. Lamba kam gidansa ce, kafin akawu ya gama danna na'ura ya ba shi amsa. Amma harafi, ko da girman ƙofa aka rubuta shi, sai dai su kalli juna. Yana shekara tara aka kai shi koyon sana'a, ubangidansa kuma ya ɗauka hannu da ido sun ishi mai gyara. Da ya girma kunya ta hana shi komawa baya, sai ya sayi tabarau, ba don ya sa ba, don ya riƙa mantawa da shi a gida. "Duba min nan, na baro tabarau," ita ce maganar da ta fi kowace yawa a bakinsa. A saninsa, mutum ɗaya ce ta san gaskiya, matarsa, wadda take koyarwa a firamare, shi da kowa suke kiranta Malama.

A shekara ta uku da aurensu, wani kamfanin siminti da yake yi wa gyaran babban sikelin motoci ya fitar da hannun jari kasuwa. Malama ce ta gani a jarida ta matsa masa. Ya hau bene na uku na wani gini a tsakiyar gari, ofishin wani dillalin hannun jari, mutum mai ƙiba da haƙuri wanda daga baya kowa ya riƙa kira Tsohon Dillali. Aka turo masa fom da biro da wani ɗan farin kati, aka ce ya sa hannu a katin, shi za a ajiye a riƙa gwada duk sa hannunsa na gaba da shi. Mai Sikeli ya dubi takardun ya shafa aljihu.

"Zan kai gida in karanta a tsanake," ya ce. "Ba na sa hannu a abin da ban karanta ba."

Dillalin ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce hakan ya yi kyau, da kowa zai yi haka da an huta.

A gida Malama ta cika fom ɗin. Da ta zo wurin sa hannu sai ta tsaya, don rubutunta irin na masu koya wa yara ne, zagaye-zagaye, kowa ya gani zai gane. Ta ɗauki wata takarda ta yi ta gwaji, ta karkatar da haruffan, ta danna biro da ƙarfi, ta ja dogon layi a ƙasa mai 'yar ƙugiya a kowane gefe.

"Ga hannunka na ƙera maka," ta ce tana dariya. "Har da sandar sikeli na sa maka a ƙasa, kada ka ce ban yi maka gata ba."

Ya yi tsaki, amma ya daɗe yana kallon abin. Daga ranar Malama ta zama mai rubutu biyu, nata da nasa.

Da sannu jarin ya yi ta girma. Duk ƙarshen shekara sai su haɗa abin da ya rage a shago da abin da ya rage a albashinta su ƙara sayen kaɗan: siminti, sabulu, banki biyu, wani kamfanin takalma da ya kusa mutuwa ya farfaɗo, har suka kai kamfani goma sha ɗaya. Ranar Asabar da hantsi sai su shimfiɗa jarida a tebur, ita ta karanta suna, shi ya karanta farashi. Doka ɗaya suka kafa, ba a sayarwa. Ko da farashi ya faɗi warwas, maƙwabta suna rige-rigen rabuwa da nasu, Malama sai ta ninke jaridar ta ce, "Saniyar tatsa ce, ba ta yanka ba."

'Ya'ya biyu Allah ya ba su. Na farin, namiji, zazzaɓi ya ɗauke shi yana shekara bakwai. Sai 'yar da ta zo daga baya, wadda har yau ake kira Auta ko da yake ita ma ta zama uwa, tana aikin ba da magani a asibiti. Ribar jarin nan ce ta kai Auta makarantar kwana. Duk bayan wata biyu wasiƙu biyu suke isar mata a ambulan ɗaya, ɗaya da rubutun uwarta, ɗaya da rubutun ubanta mai karkata. Shi yake faɗa, yana tsaye yana wanke hannu da kananzir, Malama tana rubutawa. Wasiƙunsa gajeru ne kamar maganarsa: lafiya lau, an aiko miki kaza, ki kula da karatunki.

Shekara uku ke nan da rasuwar Malama. Ciwon ya daɗe yana cin ta. A kwanakinta na ƙarshe ba ta yi masa doguwar wasiyya ba, cewa kawai ta yi, "Jarin nan a miƙa wa Auta shi yadda yake. Kada ka bari a sayar." Ya ce to. Bayanta bai sake hawa benen dillali ba. Riba tana faɗawa banki da kanta, banki kuma ya koma kati da lambar sirri, abin da bai taɓa ba shi wahala ba. Ya ɗauka haka za a tafi har ƙasa ta rufe idonsa, asirinsa ya bi shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Farkon wani wata aka kawo masa ambulan mai tambarin da ya sani. Kwana biyu tana aljihunsa kafin ya miƙa wa Auta, da ta biyo ta shago bayan ta tashi aiki.

"Duba min nan, Auta. Idon nan sai a hankali."

Ta karanta a tsaye. Tsohon Dillali ya rasu bara, 'ya'yansa sun yanke shawarar rufe kamfanin. Duk mai jari a hannunsu ya nemi wani kamfanin dillanci ya mayar da jarinsa can kafin ƙarshen wata. Wanda bai yi ba, za a sayar da nasa a farashin ranar a tura masa kuɗin.

"A sayar?" ya ce.

"In ba a kwashe ba ke nan, Baba. Ai ba wani abu ba ne. Kamfanin da nake da ɗan nawa a can za mu kai, a waya ma ake ganin komai. Fom ɗaya ne, ka sa hannu, shi ke nan."

Ya juya ya shiga goge wani dutsen awo da ba shi da datti.

Sabon kamfanin duk gilashi ne da sanyin na'ura, ana ɗaukar lamba kamar a asibiti. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta zaunar da su, ta buɗe masa asusu, ta ɗauki hotonsa da na katin shaidarsa. Ta ce hanya biyu ce. Ko tsohon kamfani ya sayar da komai ya turo kuɗi a sayi sabo a nan, wannan ta fi sauri, ko a ɗauko jarin yadda yake, kowane kamfani da adadinsa, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Yadda yake," in ji Mai Sikeli tun kafin ta rufe baki.

"To Baba, sa hannu a nan. Za mu aika musu su gwada da wanda ke wurinsu, in ya yi daidai su sako mana jarin."

Ba ma takarda ba ce, wani allon gilashi ne da biron roba mara tawada. Ba abin da za a kai gida, kuma ko an kai, gidan ba kowa. Auta tana gefensa tana duba wayarta. Ya riƙe biron kamar sukundireba, ya ja abin da idonsa ya tuna, wasu 'yan tsaunuka masu karkata da layi a ƙasa. Bayan kwana takwas amsa ta zo cewa sa hannun bai yi daidai ba, sai mai jarin ya zo tsohon ofis da ƙafarsa ya sa hannu a gabansu.

"Hannunka ne ya kwana biyu bai riƙe biro ba," in ji Auta. "Tun rasuwar Mama ban ga rubutunka ba. Ka riƙa gwadawa, zai dawo. Ni fa ko a cikin dubu na san rubutunka, Baba."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Abin ya zama masa gaba kura baya siyaki. In ya yi shiru, a sayar da abin da ya yi wa Malama alkawari a kansa. In ya yi magana, 'yar da take ganin ubanta cikakken mutum ta san ko sunansa bai iya rubutawa ba. Sai ya zaɓi hanya ta uku, irin ta mai sana'a. Ya buɗe akwatin ƙarfen Malama ya zaro kwafin wani tsohon fom na shekarun da take da ƙarfinta, ya kai shago. Ya ɗauko ɗan ma'auninsa mai baki biyu, wanda yake auna kaurin waya da shi, ya auna tsawon kowane harafi da faɗinsa da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa, ya rubuta lambobin a bayan kwali. Shi a wurinsa ba suna ba ne, wani abu ne da za a ƙera. Don haka ya fara daga inda mai sikeli yake farawa, ya kafa sandar ƙasa tukuna, sannan ya ɗora sauran a kanta ɗaya bayan ɗaya.

Kwana goma sha biyu yana wannan aiki, sikelin mutane suna jibge suna jira. Mai gilashi ya leƙo ya gan shi duƙe da biro.

"A'a, Mai Sikeli, boko aka shiga da furfura? Ko wata ce ta taki sa'a ake rubuta mata?"

"Je ka yanka gilashinka," ya ce, ya kife kwali a kan takardar.

Ya ƙware kuwa. Hannun da ke daidaita allurar sikelin gwal ba zai gaza wannan ba. Amma ranar da ya fara yin wanda ba ya bambanta da na Malama, bai yi murna ba. Ya zauna yana kallonsa, ya san abin da ya yi, sikeli ya taɓa, irin wanda yake ajiye wa mutane a bakin titi. Ya ce wa kansa dukiyarsa ce, ba wanda za a cuta. Ya kuma san duk mai kawo masa irin wannan aiki da nasa dalilin yake zuwa.

Saura kwana huɗu suka hau benen, shi da Auta. Ofishin ya kusa zama kango, kwalaye jere a jikin bango, fanka ɗaya ke juyawa, inda aka cire hotuna ya bar tabo fari-fari. Mutum ɗaya ya gane, sakatariyar kamfanin, wadda ya sani tun tana budurwa, yanzu ita ma da tabarau a hancinta, nata na gaske. Ta gaishe shi, ta yi masa ta'aziyyar Malama ko da yake an daɗe, ta turo masa 'yan takardu uku marasa kauri.

"Sau uku, Baba, a nan gabana. Haka ƙa'idar take."

Ya gyara zama ya fara. Ya kafa sandar ƙasa, ya ɗora sauran. Auta ta ɗan yi mamaki da ta ga daga ƙasa yake farawa. Kusan minti goma ya ɗauka. Da ya gama, ko Malama ce ta dawo ba za ta ce ba nata ba ne.

Sakatariya ta dubi takardun ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora su a kan juna ta ɗaga su ga hasken taga, ta daɗe a haka. Sannan ta ajiye ta cire tabarau.

"Baba, shekara ashirin da shida ina duba sa hannun mutane. Ban taɓa ganin wanda ya yi uku suka hau kan juna kamar hatimi ba. Hannun ɗan Adam ba ya haka. Kai kanka ba ka taɓa yin haka ba. Bari ka gani."

Ba da mugunta ta yi ba, so take ya saki hannunsa ya yi yadda ya saba. Ta jawo wani fayil mai kauri daga cikin kwali, ta shiga zaro takardu tana jerawa a tebur, shekara bayan shekara, tun daga katin farko da ya koma ruwan ƙasa.

Bai taɓa ganinsu a haɗe ba, kullum ɗaya-ɗaya yake kawowa a aljihu. Yanzu ga su nan wajen arba'in, kuma mutumin da bai iya karanta harafi ko ɗaya ba sai ya ga yana karantawa sarai. Ga na farko, mai ƙarfi, wanda ta yi tana dariya. Ga waɗanda ta yi a gurguje, tukunya na kan wuta. Ga wani da biron ya huda takarda, sandar ta karkace ta sauka gefe ɗaya. Ya dubi lambar shekarar a sama, shekarar da suka binne yaronsu ce. Ga na lokacin makarantar Auta, manya-manya a sake. Sai uku na ƙarshe, kowane ya fi wanda ya gabace shi sirantaka, har na ƙarshen da ƙugiya ɗaya kawai ya samu, ƙarfin ya ƙare kafin a kai ɗaya gefen. Ya tuna ranar. Shi ya riƙe mata littafin da aka ɗora takardar a kai.

Ya dubi nasa guda uku a gefe, sumul, ba rai a cikinsu. Ya tattara su ya ninke ya sa a aljihu.

"Ba hannuna ba ne," ya ce.

"Kada ka damu, Baba, sake gwadawa za ka yi," in ji Auta.

"Ba nawa nake nufi ba. Waɗancan. Duk na uwarki ne, tun daga na farko. Ni ban iya rubutu ba, Auta. Ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba."

Ya faɗe shi da irin muryar da yake gaya wa mutum sikelinsa ya rage gram kaza. Auta ta dube shi, ta dubi takardun, ta sake dubansa.

"Wasiƙun fa?"

"Ni nake faɗa, ita take rubutawa."

Ta tashi ta tafi bakin taga ta juya musu baya.

Sakatariya ta buɗe murfin fayil ɗin ta ciki kamar wadda ta tuna wani abu. Akwai wani rubutun fensir da ya kusa gogewa. "Rubutun marigayi Tsohon Dillali ne," ta ce a hankali. "Na sha ganinsa ban gane ba. Cewa ya yi, wannan a bar shi ya riƙa kai fom gida, kada a matsa masa." Mai Sikeli ya sunkuyar da kai. Ashe duk shekarun da yake hawa benen nan yana shafa aljihu mutumin ya sani, bai taɓa nuna masa ko a fuska ba.

Aka kira babban ɗan marigayin daga ɗakin ciki. Ya saurara, ya ce ba zai ɓoye musu ba, abin da aka yi ba daidai ba ne. Amma tunda jarin da sunan Mai Sikeli yake, da guminsa aka saya, kuma da yardarsa aka sa hannun, akwai mafita. Ya ce tsohon ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya faɗi duk abin da ya faɗa yanzu a gaban shaidu biyu da suka san shi, sai a soke tsohon kati a buɗe sabo da dangwalen yatsa. In an gama kafin jibi, shi da kansa zai sako jarin.

Sun yi nisa a mota kafin Auta ta yi magana.

"Shekara talatin da shida, Baba. Ni 'yarka ce ko baƙuwa?"

"Kunya ce."

"Kunyar wa?"

"Taki. Uwarki malama, ke kina ɗauko na ɗaya a aji. Ki kawo min sakamako in riƙe in ce madalla, alhali lambobin kawai nake gani. Na ce in kika sani, wani abu zai ragu."

Ta sauke shi a ƙofar shago ta ce gobe ƙarfe takwas za ta zo su je kotu.

Mai gilashi da mai fenti ne suka rufe shagunansu suka bi shi shaida. A gabansu aka karanta takardar da ƙarfi, kalma bayan kalma, yana tsaye yana ji. Mai gilashi, da bakinsa ba ya rufuwa, bai yi zolaya ko ɗaya ba sai a hanyar dawowa. "Ni dai na huta da jiran tabaran nan," ya ce. "Shekara talatin kullum ina cewa yau zai zo da shi." Mai Sikeli ya yi tsaki, suka ɗan yi dariya.

A ofishin dillali ya dangwala babban yatsa a tawada ya ɗora a sabon kati. Sakatariya ta ɗauki rula da jan biro za ta soke tsohon da layi biyu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya ɗaga hannu.

"'Yata, in da hali, kada layin ya bi ta kan rubutun."

Ta dube shi, ta gyara rular, ta ja layukan ta kusurwar sama. Kafin ta mayar da takardun kwali ta kai su na'ura ta yi masa kwafinsu duka, ta sa a ambulan ba tare da ya roƙa ba.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta shigo shago, waya a hannu ɗaya, ƙunshin takardu ɗaure da roba a ɗaya. Tun ranar kotu gaisuwa kawai ke haɗa su.

"Jarin ya iso," ta ce. "In karanta maka?"

"Ki faɗi suna, ni zan faɗi adadi."

Ta ce siminti, ya faɗi adadi, ta duba ta ce haka ne. Sabulu, haka ne. Takalma, haka ne. Har goma sha ɗaya, ba wanda ya ragu da ko ɗaya, ba a sayar da komai ba. Ya sauke numfashi ya yi hamdala. Ya ce saura a mayar da su sunanta, wannan kuwa yatsa ya ishe shi.

Ba ta tafi ba. Ta kwance robar, wasiƙunsa ne na makaranta, duka. Ta buɗe ɗaya ta karanta: lafiya lau, an aiko miki kaza, ki kula da karatunki. Ya gyaɗa kai, maganarsa ce. Sai ta ci gaba.

"'Kujerarki tana nan a shago bayan ƙofa, ban bar kowa ya zauna a kai ba.'" Ta ɗago kai. "Wannan layin yana ƙarshen kowace wasiƙa, Baba. Shi nake fara karantawa in ta zo. Shi ma kai ka faɗa?"

Ƙarya a nan ba za ta cuci kowa ba, kuma ba mai kama shi. Ya dubi babban yatsansa, har yanzu da sauran tawada a gefen farce.

"Ban faɗa ba. Ni a 'ki kula da karatunki' nake tsayawa. Ban san tana ƙarawa ba."

Auta ta juya ta dubi lungun bayan ƙofa. 'Yar kujerar tana nan, ba ko ƙura a kanta.

"Amma ba ƙarya ta rubuta ba," ya ce.

Ta je ta jawo kujerar ta kawo gaban teburin ta zauna, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Bai turo mata benci ba. Ya tashi ya sakaya ƙofar shagon don kada masu kawo gyara su dame su, ya dawo ya ce ta ɗauko daga ta farko, kuma ta karanta a hankali.